Kayan Kwatano

A shagon Hashimu, bayan Babbar Kasuwa, na gan ta,
tsakanin firji marar ƙofa da tulin dutsen guga.
Jitar bas ce, ja, wuyanta ya koɗe
daidai inda yatsan wani ya shekara yana hawa da sauka.

Ya ce jika saba'in. Na yi dariya.
Ya ce har da ampili.
Wanda ɓera ya huda? in ji ni.
Muka tsaya a arba'in da biyar,
kuɗin ragon da na yi wata bakwai ina kiwo.

Tsirkiya ɗaya babu.
Nomau bakanike ya yanko mini wayar birki,
ya ce in ta tsinke, bai san ni ba.

Kabu-kabu ya sauke mu a Bagalam.
Na jona. Akwatin ya yi gyaran murya,
sai kuran ya tafi.

Cikin duhu na kafa haɓa a kafaɗarta,
na ja babbar tsirkiya.
Maƙwabta ba su ji ba.
Haƙorana sun ji, ƙashin ƙirjina ya ji,
watakila har mai yatsan nan,
in yana da rai.