Ƙugiya da Da'ira

A bayan gadar Kwangila, hawa na biyu,
inda fanka ke juyi da sauran fiffike biyu,
Ishaya ya dire mini aiki:
littafin injin ban ruwa, shafi arba'in,
a mai da shi Hausa kafin Litinin.

Sunan injin Gulbi+3®.
Lauyansu ya aiko da sharaɗi daga Ikko,
an ja masa layi da jan biro:
kar a raba sunan a ƙarshen sadara,
kar a liƙa masa harafi a wutsiya,
ƴar da'irar nan ta zauna a kafaɗarsa
kamar goyon da ba a saukewa.

Na ce, to Gulbin fa? Gulbinka fa?
Hausa ba ta tafiya sai da maɗauri.
Sai na riƙa kewayawa,
injin nan, shi wannan injin,
kamar uwa mai kunyar sunan ɗan fari.

Kwana uku ina kiwon da'ira,
na ƙirga ta, saba'in da tara,
ko ɗaya ba ta ɓace ba.

Ran Asabar aka buga gwaji.
Da'ira ta fito tsaf, ko ƙwarzane babu.
Ƙugiyoyinmu kuwa na'ura ta lashe.
Inda na ce a ɗaure waya,
ta ce a daure.
Inda na ce a ƙara mai,
kara ya tsiro.
Ƙasa ta zama kasa,
ga maciji kwance a shafi na tara.

Ishaya ya hura shayinsa.
Ai za su gane, in ji shi,
ƙugiya ba ta da lauya.

Ban tanka ba.
Na tsaya har aka ɗauke wuta,
na sayi litar fetur da kuɗin motata,
na bi su ɗaya bayan ɗaya
ina mayar wa kowane harafi da hularsa.
A ƙafa na koma Tudun Wada.

Bayan wata biyu, a bakin Galma,
na ga Tanimu tsugune cikin albasa,
littafin ya sha laka.
Babban yatsansa ya rufe da'irar ruf,
shi Ɗan Ja yake kiran injin.
Ya bi layin a hankali, leɓe na motsi,
ya ajiye, ya kama waya,
ya ɗaure.

Ruwa ya taho.