Shafi na Bakwai

A Porto ruwan sama ba ya sallama.
Yakan hayo daga bakin kogin Douro da asuba,
ya bi tituna masu hawa kamar mai bin bashi,
duk laimar da ya karya kuwa
a kwandon shara take kwana.

Shekara arba'in da ɗaya kakana Abílio
yana ɗorin ƙashin laima
a shagon da mutum uku ke cika shi.
Ƙararrawar ƙofarsa ta yi tsatsa don rashin baƙo.

Bara na buɗe masa shafi a intanet.
Ya cika shi da tarihin ubansa,
da yadda tsohon ke shinshina itace kafin ya sassaƙa mariƙi.
Na neme mu a injin bincike.
Shafin farko, manyan kantuna.
Na biyu, su ne dai.
Sai a na bakwai na tsinto mu,
tsugune a ƙarƙashin wani mai sayar da tanti.
Wa ke zuwa shafi na bakwai?
Ɓarawo ya ɓoye kaya a nan, ya yi barci har da minshari.

Na ce, Kaka, injin nan ba ya jin kirari.
Abin da jiƙaƙƙen mutum ke rubutawa
da yatsa ɗaya a tashar bas,
shi za mu liƙa a goshin shafi:
gyaran laima, Porto, kusa da ni.
Ya ce, to ubana fa?
Na ce, yana nan, can ƙasa kaɗan.
Bai sake ce mini uffan ba har muka rufe.

Na rage wa hotuna nauyi
don shafin ya daina jan ƙafa a waya.
Na dasa mu a taswira, na rubuta lokacin buɗewa
da kuɗin ɗorin ƙashi ɗaya.
Sati uku: shafi na biyar.
Tafiyar hawainiya.

Haƙurina ya ƙare, na sayi talla.
Yuro goma a rana, kowace dannawa da farashinta.
Kafin rana ta take, goman ta ƙone ƙurmus:
masu neman laimar shan iska a bakin teku,
masu neman ta kyauta,
da wani da ya danna sau huɗu,
shi kaɗai ya san dalili.
Kaka ya ce, wato biyan kuɗi kike
don mutane su leƙo su wuce?

Na zauna tsintar kalmomi kamar tsakuwa a shinkafa:
ban da teku, ban da kyauta, ban da sabuwa.
Shi kuwa ya leƙa sama ta taga.
Kashe abin nan, Leonor.
Yau ba wanda laima ta dama.
Ki kunna ran da gwiwata ta soma ciwo.

Talata gwiwa ta yi tsami, na kunna.
Laraba sama ta tsage.
Sau tara ƙararrawa ta yi kuka,
na ƙirga, shi ma ya ƙirga, a ɓoye.

Ta taran wata dattijuwa ce, Filomena,
daga Matosinhos, bas biyu ta hau,
rungume da baƙar laimar marigayi mijinta.
Na ce, tallarmu kika gani?
Ta ce, ni ba na taɓa talla, ɗiyata.
Gangarawa na yi ta yi har shafi na biyu,
na karanta labarin mai shinshina itace har ƙarshe.
Wanda ya riƙe ubansa haka
ba zai ce in sayi sabuwa ba.

Kaka bai dube ni ba.
Ya ɗauki filaya, ya buɗe laimar a hankali,
yana yi wa karyayyen ƙashin murmushi.

Daren nan na matso da uban sama,
layi biyu kacal.
Tallar tana kashe.
Ina jiran gwiwa.