Madubi Mai Yatsu

Ƙarfe biyun dare a Akoka,
janareta na tari a bayan gini,
ni da Folarin mun harba tsinken haske
ya ƙetare tafkin Legas ya dawo.

Ya tafi siriri kamar zare,
ya dawo kamar tuwon gaggawa:
nan gudaji, can ruwa-ruwa,
tsakiya na ƙuna, gefe ya dushe.
Fitilarmu ba ta da laifi.
Tururin ruwa ne, da hucin motocin kan gada,
da iskar da ba ta zama wuri ɗaya
ko na ƙiftawar ido.

Muna da madubi, bai kai tafin hannu ba.
A bayansa yatsu sittin da tara
suna turawa, suna ja,
motsin da silin gashi ya fi shi kauri sau ɗari.
Na'ura ta hango inda haske ya cunkushe,
ta raɗa wa yatsun,
su lotsa nan, su tasa can,
sau dubu kafin in haɗiye yawu.

Mako uku muna ɓata.
Folarin ya ce waya ce, na ce lissafi ne.
Ashe madubi ɗaya ba ya ɗaukar kaya biyu:
na fari ya kwaso daga mai yawa ya kai wa maras shi,
na biyu ya miƙe karkatar da rabon ya jawo.

Sai na tuna Baba Tanimu a Mil Sha Biyu,
a tsugune yana kasa albasa.
Ba ya ƙaro ko ɗaya daga buhu,
yatsunsa kawai ke yawo,
ya ɗauke babba nan, ya mayar da ƙanana biyu can,
har mai saye ya rasa wanda zai nuna.
Bai taɓa riƙe sunan karatuna ba.
Yakan ce, "Ladidi gyaran haske take yi,"
maƙwabta su aiko in duba musu mita.

Wajen huɗu da rabi da'irar ta cika a allo,
fari ɗaya daga baki zuwa baki, kamar sabon faifai.
Folarin ya yi barci a kujera, baki buɗe.
Ban tashe shi ba.

Hadari ya taso ta wajen Makoko,
da'irar ta girgiza, ta sake gudaji,
yatsun suka koma bakin aiki.
Na juye sauran shayin da ya huce,
na jawo kujera kusa.