Ukuna Ba Ukunsa Ba

Daren da Kubanni ta cika ta batse,
sabis ya ɗauke tun kafin isha.
Barau na gangaren Tudun Jukun,
oba-oba a hannu, ruwa iya gwiwa,
yana ta kira a tasha ta uku.
Ni ma kan ukun nake, a shagona na Sabon Gari,
na kasa kunne har wuyana ya ƙage.
Ba abin da ke fita sai shuuu,
kamar ana sheƙar gero a gidan maƙwabta.

Ashe ukuna ba ukunsa ba ce.
Tasa a hannun direban tirela ya saye ta
da lambobin da ya tarar a cikinta.
Tawa ni na ɗura mata, yadda raina ya so.
Igiya yake nema, da mota, da mutum huɗu.
Ina da igiya. Motar Ishaya na ƙofar shago.
Muka kwana muna jiran juna
kamar kurame biyu a duhu.

Ba a rasa rai ba, mun gode Allah.
Awaki bakwai suka tafi, da katanga,
Tanimu tela ya kwana kan rufin kwano
rungume da kan kekensa.
Da safe bai zage mu ba. Cewa ya yi,
“Na ga kuna yawo da sanduna masu magana.”
Gara ma zagin.

Asabar muka taru.
Rediyo goma sha bakwai a kan teburina,
tsakanin dalma da gawar talabijin,
waya ɗaya ta ɗuri,
da tsohuwar kwamfuta mai suma in an ɗauke wuta.
Lantana ta yago kwalin taliya
ta rubuta da jan biro:
ɗaya, sallama da kiran suna.
Biyu, ranar taro, tseren keke zuwa Shika
da masu raba ruwa a hanya.
Huɗu, na'urar da muka ɗora kan tankin ruwa a Samaru,
mai karɓar murya ta cilla ta gaba.
Uku ta bari sai ƙarshe,
ta ja mata layi biyu.

Malam Yahuza ya ƙi.
Ya ce shekara ashirin da shida yana kan lambarsa,
a nan abokinsa na Funtuwa ke samunsa,
ko da yake abokin ya rasu bara waccan.
Ba wanda ya yi dariya.
Muka ba lambar gida na goma sha shida,
can ƙarshen maɓalli, inda yatsa ke tsayawa.
Ya miƙo rediyonsa da hannu biyu.

Ɗaya bayan ɗaya na ɗura musu.
Sau biyu wuta ta tafi, sau biyu na sake.
Shayi ya huce. Ishaya ya yi barci a benci.
Muka manna 'yar takarda bayan kowace,
muka shafe ta da salatif saboda damina.

Magariba kowa ya kama gabansa.
“Kwangila, ana ji?” Ana ji.
“Ƙofar Doka?” Tar, kamar kana ɗakin.
“Tudun Jukun?”
Barau ya yi shiru, don ya rama,
sannan ya ce, “Yau kam ka ji ni.”

Yanzu uku ba ta hira.
Ba a tambayar kuɗin tumatir a kanta,
ba a gaisuwa, ba a labarin ƙwallo.
Share ta muka yi muka bar ta
kamar hanyar da ake bar wa motar asibiti.
In hadari ya haɗo ta gabas
nakan murɗa zuwa can, in ajiye kusa da filo.
Shuuu ɗin nan dai nake ji, irin na wancan dare,
sai dai yanzu na san
mu goma sha bakwai ke sauraronsa.