Baƙon da Ƙasa Ke Jira

A Zazzau, wanda ya cika da hantsi,
kafin la'asar ƙasa ta rufe shi.
Wannan kuwa damina tara ke nan
yana kwance a ginin ƙarƙashin ƙasa, a Samaru,
ba suna, sai lamba a yatsan ƙafa.

Ni Jatau na ɗura masa ruwan magani
ta jijiyar cinya,
har fata ta koma kirgin majema.
Ɗalibai kan zo da aska, hanci a toshe,
su biya shi kamar allo.

Ba wanda ya kula da kantar tafinsa,
irin ta mai jan guga.

Likkafaninsa na akwatina, a ninke.
Asu ya riga shi shiga.