Baƙo a Jijiya

A gonar ayaba ta Sarapiki,
ƙarfe shida bai cika ba, raɓa na kan ganye,
na miƙa hannu in ɗaga busasshen kara,
na kwance a ƙarƙashi ya riga ni.
Haƙori biyu. Ko tsaki bai yi ba.
Mai rigar karan-miski muke ce masa a nan,
sunan ya fi shi taushi.

Kafin Wilberth ya tada babur
hannuna ya zama gora,
dasashina na tsiyaya kamar na tauna reza.

A asibiti Nas Yorleny ta jera kwalabe,
ƙanana, ba su wuce babban yatsa ba.
Ta ce, "Eladio, saurara, lokaci ya ƙure.
Makarin nan daga jinin doki aka tace shi.
An wanke, an sake wankewa, an rage abin ragewa,
amma doki doki ne, kai kuwa mutum.
Jikinka na iya ƙin baƙon."
Na ce, "In ni na ƙi shi fa?"
Ta dubi hannun. Ba ta ce komai ba.

Ɗigo.
Ɗigo.
Ta ja kujera ta zauna, ko ruwa ba ta je sha ba,
wata allura na kan faranti, a zuƙe, tana jira.
A minti na goma sha biyu
tafin ƙafata ya soma ƙaiƙayi,
borin jini ya feso daga wuya zuwa ciki,
maƙogwaro ya tsuke kamar bakin buhu.
Baƙi biyu a gida ɗaya,
wannan ya zo kisa, wancan ya zo ceto,
jikina kuwa, maigadi mai gigin barci,
ya bar ɓarawo ya rufe ɗan agaji da duka.

Ta kashe ruwan. Ta soka allurar a cinyata.
Iska ta dawo tana ɗingishi.
Can ta sake buɗewa, sannu-sannu,
kamar mai sasanta maƙwabta kan iyakar gona.
Da asuba ta ɗebi jinina, ta jira, ta karkata kwalba:
ya yi guda, ya ƙi zuba.
Sai a lokacin na ga haƙoranta.

Kwana tara, ina gida, na ɗauka an gama,
zazzaɓi ya ƙwanƙwasa ƙofa,
gwiwoyi suka kumbura, fata ta yi taswira.
Xinia ta ce dafin ne ya dawo.
Likita ya ce a'a,
maigida ne ke sharar ɗaki bayan baƙo ya tafi,
har yana fasa kayansa.
Ƙwayoyin mako guda, da kati a aljihu:
"In an sake saran ka, fara nuna musu wannan.
Jiki ba ya mantuwa."

Da na warke na hau motar kan tudu,
inda hazo ke kwana a ciyawa.
Don Fulgencio ya nuna min wata goɗiya, Kanela,
ja, mai tabon allura a wuya.
Dafi kaɗan-kaɗan ake ba ta, in ji shi,
har jininta ya koyi faɗa,
a ɗiba, a tace ruwan, a mayar mata da jan.
Na ce, "Ita ce tawa?"
Ya ce, "Ana haɗa na dawaki da yawa. Wa ya sani?"
Na ce, "Tana jin zafi?"
Ya ce, "Ana auna ta, ana hutar da ita."
Ba abin da na tambaya ke nan ba.
Shi ma ya sani.

Na ɓare ayaba da hannun da ya rage min yatsu huɗu.
Ta shinshina tabon, ta daɗe,
ko ta ji wani abu nata a ciki, oho.
Ta karɓa, ta juya min baya,
ta ci gaba da korar ƙuda da wutsiya.