Minti Bakwai

A Suwa, inda tafki ke daskarewa da hunturu,
shagon Fumie bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba.
Fitila ɗaya, tabarau mai ido ɗaya,
da hantsaki mai bakin sauro.

Da hantsi Chizuru ta shigo,
ta kwance hankici a kan tebur:
agogon babanta, shekara arba'in da 'yan kai,
bai motsa ba tun da aka dawo da shi daga asibiti
a cikin leda, tare da silifas.

Fumie ta ɓalle murfin baya.
Batir ya kumbura, ya yi amai,
koren gishiri ya cinye ƙafar maƙalli.
Ta ce, "Ba tsufa ya kwantar da shi ba,
barin sa aka yi da guba a ciki."

Ta jiƙa auduga, ta share,
ta hura, ta sake sharewa.
Wayar naɗin ta fi gashin jariri siranta,
sai ta ɗauke numfashi kafin ta taɓa.
Ta tsinke a wuri ɗaya.
An daina ƙera irinta tun tsohuwa na da baƙin gashi,
don haka ta jawo durowar ƙasa,
maƙabartar agogunan da ba a dawo karɓa ba,
ta ciro hanjin wani ta ba wannan.
Ɗigon mai a bakin allura,
bai kai hawayen tururuwa ba.

Sabon batir ya zauna.
Shiru.
Jirgin ƙasa ya wuce, gilashin taga ya yi rawa.
Sai siririn hannu ya zabura:
ɗaya.
Ya tsaya kamar mai tunani.
Biyu.

Kwana uku tana auna gaskiyarsa da na'ura
har ya daina cin bashin sakan ko guda.
Ta zana kwanan wata a cikin murfi,
ƙarƙashin rubutun wasu biyu da ba ta san su ba.

Chizuru ta dawo, ta biya, ta dubi fuskar.
Ta ja maɓallin gefe da farce,
ta tura lokaci gaba, minti bakwai.
Fumie ta buɗe baki.
"Haka yake ɗaura shi," in ji Chizuru,
"kuma duk da haka jirgin safe ya sha barin sa."

Da ƙofa ta rufe, tsohuwa ta jawo littafinta.
Gefen inda ta sa *an gyara*
ta ƙara da ƙananan baƙaƙe:
yana gaba da minti bakwai,
kada a taɓa.